Warwatsuwar Nutiron: Daga Ɗakin Bincike zuwa Fadamun Gobir

Gabatarwa

A ƙasar Gobir, wato yankin Sabon Birni da Isa da ke gabashin Jihar Sakkwato, daura da iyakar Jamhuriyar Nijar, idan ruwan farko ya sauka, gwanin manomi ba ya gaggawar ɗaukar iri. Sai ya yi sammako zuwa gona, ya tona ƙasa da hannu ko da sungumi, ya ga iyakar inda laima ta tsaya. In ta yi nisa, sai a yi shuka. In kuwa sama-sama ta jiƙa, sai a dakata, domin an sha ganin iri ya tsiro sannan rana ta ƙone shi.

Wannan awo na gado yana da amfani ƙwarai, amma yana da iyaka. Hannu ba ya wuce taƙi ɗaya ko biyu, alhali saiwar gero takan nutsa fiye da mita guda cikin jigawa. Ruwa nawa ne ke kwance a can ƙasa? Kwana nawa zai ɗauki shuka idan aka shiga fari a tsakiyar damina? Nawa ne shuka ta sha, nawa ne kuma ya zurare ya wuce saiwa? A yankin da ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 500 da 700, cikin wata huɗu ko ƙasa da haka, amsar waɗannan tambayoyi ita ce bambancin cikar rumbu da rashinta.

Masana kimiyya suna da hanyar ganin wannan ɓoyayyen ruwa ba tare da sun tone gona ba. Hanyar ta dogara ne a kan wata 'yar mitsitsiyar halitta da ake kira nutiron, da kuma yadda take warwatsuwa idan ta ci karo da abubuwa. Wannan maƙala za ta bayyana mene ne nutiron, da yadda warwatsuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin binciken zamani, sannan ta nuna inda ilimin ya haɗu da buƙatar manomin Gobir.

Mene ne nutiron?

Duk wani abu da ake iya taɓawa, ko dutse ne ko ruwa ko jikin mutum, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Ƙanƙantarsu ta kai a jera kimanin miliyan 10 a tsawon milimita ɗaya. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya a tsakiya, da ilektiron da ke kewaye da ita. Cibiyar ita ke ɗauke da kusan dukkan nauyi, amma 'yar ƙarama ce ainun: da za a buɗa ƙwayar zarra ta kai faɗin filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar gero ɗaya a tsakiyar filin ba.

A cikin cibiya akwai abubuwa iri biyu, furoton da nutiron. Nauyinsu kusan ɗaya ne, sai dai furoton yana da cajin lantarki, nutiron kuwa ba shi da caji ko kaɗan. Wannan rashin caji shi ne asirin amfaninsa. Ilektiron da ke gefen ƙwayar zarra ba sa janyo shi, ba sa kuma ture shi, saboda haka yakan ratsa abu kamar yadda iska ke ratsa zana, har sai ya yi kiciɓis da wata cibiya. Idan aka raba shi da cibiya, ba ya daɗewa: a cikin kimanin minti 10 rabin nutiron ɗin da ke yawo sukan rikiɗe su zama furoton.

James Chadwick ne ya gano nutiron a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1932, kuma ya sami kyautar Nobel a 1935. Yadda ya gano shi abin lura ne. Wani haske da ba a san irinsa ba yana fitowa daga ƙarfen beriliyam, kuma idan ya bugi kakin farafin, wanda ke cike da haidurojin, sai ya yi ta fizgo furoton daga ciki. Chadwick ya auna ƙarfin bugun, ya nuna cewa abin da ke yin sa dole ne nauyinsa ya yi daidai da na furoton. A 1934, a birnin Rum, Enrico Fermi da abokan aikinsa suka gano cewa ruwa da farafin suna rage wa nutiron gudu matuƙa. Ke nan tun ranar farko tarihin nutiron yake ɗaure da haidurojin, wato sinadarin da ke da kashi biyu cikin uku na ƙwayoyin zarrar ruwa.

Ma'anar warwatsuwa

Warwatsuwa ita ce canjin da ke samun nutiron idan ya gamu da cibiya: ko ya sauya alkibla, ko ya sauya gudu, ko duka biyun. Mai bincike yakan auna yadda nutiron ya shiga abu da yadda ya fito, daga bambancin nan kuma sai ya gano abin da ke ciki. Ana iya fahimtar al'amarin ta fuska biyu.

Fuska ta farko ita ce ta karo. Idan yaro ya jefi turmi da ƙwallon goruba, ƙwallon zai dawo da kusan dukkan ƙarfinsa, turmin kuwa ko gezau. Amma idan ya jefi wani ƙwallon goruba da ke ajiye, sai na farkon ya kusa tsayawa, na biyun ya kwashi gudu. Dalili shi ne nauyinsu ɗaya. Haka nutiron yake. Cibiyar haidurojin furoton ɗaya ce tak, nauyinta daidai da nasa, don haka ita ce ta fi kowace cibiya rage masa gudu. Nutiron mai gudun kimanin kilomita 20,000 a daƙiƙa yana buƙatar karo kamar 18 da haidurojin kafin gudunsa ya sauko zuwa kilomita 2.2 a daƙiƙa, wato gudun da ake kira na lafawa. Da kabon zai yi karon, sai ya yi kamar sau 114. Da oksijin kuwa, kamar sau 150.

Fuska ta biyu ita ce ta igiya. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya bayyana cewa ƙananan halittu irin wannan suna tafiya ne kamar igiyar ruwa. Wanda ya taɓa ganin igiyar ruwa ta ratsa jerin turakun masunta a gulbi ya san cewa a bayan turakun igiyoyin sukan haɗu, su ƙarfafa juna a wani wuri, su kashe juna a wani wuri, kuma fasalin da suka yi ya danganta ne da tazarar turakun. Tazarar igiyar nutiron mai lafawa ita ce kimanin nanomita 0.18, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Wannan ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra a cikin gishiri ko ƙarfe ko ƙanƙara. Saboda haka idan aka haska irin waɗannan abubuwa da nutiron, fasalin warwatsuwarsa yakan nuna yadda ƙwayoyin suke jere.

Mai karatu zai iya tambaya, ai hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti yana yin wannan aiki tun 1912, mene ne na neman wani? Amsa ita ce, eksire da ilektiron yake hulɗa, don haka abu mai ilektiron da yawa kamar dalma shi yake gani sosai, haidurojin mai ilektiron ɗaya kuwa da ƙyar yake ganinsa. Nutiron da cibiya yake hulɗa. Yakan ratsa dalma da alminiyam cikin sauƙi, amma ruwa kaɗan ya isa ya tare shi. Abin da ya ɓuya ga ɗaya, shi ne a fili ga ɗayan.

Waɗanda suka share fagen

Ba a sami nutiron mai yawan da zai isa irin wannan bincike ba sai da aka gina tukunyar nukiliya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Oak Ridge ta Amurka, Ernest Wollan ya fara gwaji da tukunyar da ke can, kuma a 1946 Clifford Shull ya zo ya haɗu da shi. A 1949 suka nuna inda haidurojin yake zaune a cikin ƙanƙara. A shekarar nan kuma Shull da J. Samuel Smart suka yi amfani da wata siffa ta nutiron, wato kasancewarsa ɗan ƙaramin maganaɗisu, suka tabbatar da hasashen Louis Néel cewa akwai abubuwan da ƙwayoyinsu ke jere kai da ƙafa, maganaɗisun wannan yana soke na wancan.

A Chalk River ta Kanada kuma, cikin shekarun 1950, Bertram Brockhouse ya ƙera na'urar da ke auna ƙarfin da nutiron ya samu ko ya rasa a karo. Da ita aka fara auna yadda ƙwayoyin zarra ke kaɗawa a cikin daskararren abu, wanda shi ne tushen fahimtar yadda zafi da sauti ke tafiya a cikinsa. A 1994 aka ba Shull da Brockhouse kyautar Nobel ta fiziya: na farko ya nuna inda ƙwayoyin zarra suke, na biyu ya nuna abin da suke yi. Wollan bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 1984.

A yau ana samar da nutiron na bincike ta hanya biyu. Ta farko ita ce tukunyar nukiliya, kamar ta Cibiyar Laue-Langevin da ke Grenoble a Faransa, wadda aka kafa a 1967, tukunyarta mai ƙarfin megawat 58 ta fara aiki a 1971. Ta biyu ita ce a ingiza furoton da na'ura har ya yi gudu mai tsanani, a buga shi a kan ƙarfe mai nauyi, nutiron ya fallatso. Da wannan hanya cibiyar ISIS ta Ingila take aiki tun 1984, da SNS ta Oak Ridge tun 2006, da J-PARC ta Japan tun 2008, da CSNS ta ƙasar Sin tun 2018. A 2014 ƙasashen Turai suka fara gina wata babba a Lund ta ƙasar Suwidin. A nahiyar Afirka, tukunyar SAFARI-1 ta Pelindaba a Afirka ta Kudu, mai megawat 20, wadda ta fara aiki a 1965, tana da na'urorin irin wannan bincike.

Amfaninsa a binciken zamani

Dubban masana ne ke zuwa waɗannan cibiyoyi kowace shekara, kowa da samfurinsa. Misalai kaɗan za su nuna faɗin fagen.

A fannin magani, aikin furotin a jiki sau da yawa ya danganta ne da wurin da ƙwayar haidurojin guda ɗaya take. A 2020, lokacin annobar korona, masana a Oak Ridge suka yi amfani da nutiron suka nuna matsayin haidurojin a jikin wani furotin da ƙwayar cutar ke buƙata domin ta hayayyafa, abin da ke taimaka wa masu haɗa magani. Akwai kuma wata dabara: nutiron yana bambanta haidurojin na yau da kullum da ɗan'uwansa mai nauyi, wato dutiriyam. Idan aka gauraya ruwa da ruwa mai nauyi daidai gwargwado, ana iya ɓoye wani sashe na samfur, a bar sashen da ake son gani kaɗai.

A fannin makamashi, batirin wayar hannu da na ajiyar wutar hasken rana suna aiki ne da litiyam, wanda shi ma marar nauyi ne, eksire ba ya ganinsa sosai. Da nutiron ana kallon kaiwa da komowar litiyam a cikin batir yana tsakiyar aiki, a gano dalilin da ke sa ya tsufa. A fannin ƙere-ƙere, tun da nutiron yana shiga santimita da yawa cikin ƙarfe, ana auna matsin da ya maƙale a cikin walda, ko layin dogo, ko fiffiken jirgin sama, ba tare da an yanka su ba.

A fannin haƙar ƙasa, tun 1941 Bruno Pontecorvo ya ƙirƙiro hanyar zura tushen nutiron cikin rijiyar mai domin a gane duwatsun da ke riƙe da ruwa ko mai, kuma har yau ana amfani da ita a rijiyoyin mai da na burtsatse. Hatta a sararin samaniya, kumbon Mars Odyssey ya gano tarin haidurojin, alamar ƙanƙara, a ƙarƙashin ƙasar duniyar Mars a 2002 ta hanyar ƙirga nutiron, kuma motar Curiosity da ta sauka can a 2012 an ɗora mata na'urar da ke harba nutiron cikin ƙasa tana sauraron dawowarsa. Wannan na'ura ta Mars 'yar'uwa ce ga wadda ake auna laimar gona da ita.

Na'urar awon laimar ƙasa

Tun farkon shekarun 1950 aka fara auna laimar ƙasa da nutiron a Amurka. Wilford Gardner da Don Kirkham sun wallafa bayanin hanyar a 1952. Tsarinta ba shi da wuya. Akan kafa bututun alminiyam a tsaye cikin gona, zurfin mita biyu ko fiye, a bar shi nan har ƙarshen bincike. Ranar awo sai a zura wani ɗan silinda a cikinsa da igiyar waya. A cikin silindan akwai abu biyu: tushen nutiron mai gudu, wanda akasari gaurayen amerisiyam da beriliyam ne, da kuma maƙirgi wanda ba ya jin kowane nutiron sai mai lafawa.

Nutiron yakan fita ta bangon bututu ya shiga ƙasa. Idan ƙasar busasshiya ce, da silikon da oksijin na yashi zai yi ta karo, kamar ƙwallon goruba da turmi, ya yi nisa bai lafa ba, maƙirgi ya ƙirga kaɗan. Idan kuwa jiƙaƙƙiya ce, nan da nan haidurojin ɗin ruwa zai rage masa gudu kusa da bututu, da yawa su komo, ƙirge ya hau. Cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka an gama awon wuri guda, sai a ƙara zura silindan gaba. Kowane awo yana wakiltar dunƙulen ƙasa mai nisan kimanin santimita 15 daga bututu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kuma fi haka faɗi sosai a busasshiya.

Ga yadda ake juya lissafin. Idan awo ya nuna ruwa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙasa har zurfin mita ɗaya, daidai yake da ruwan sama milimita 100, wato lita miliyan ɗaya a kowace hekta. Ba dukkansa saiwa ke iya zuƙa ba. Alal misali, in milimita 60 ne take iya samu, shuka kuma tana shan milimita 5 a rana, to gonar za ta jure kwana 12 ba ruwa. Idan aka maimaita awo mako-mako a bututu ɗaya, sai a ga saukar ruwa daki-daki, da abin da shuka ta sha, da abin da ya wuce.

Na'urar tana da sharuɗɗa. Ba ruwa take gani kai tsaye ba, haidurojin take gani, shi kuwa akwai shi a cikin laka da ruɓaɓɓen ganye. Wasu sinadarai kamar boron da kulorin kuma sukan haɗiye nutiron. Don haka dole ne a daidaita ta da kowace irin ƙasa, ta hanyar ɗibar samfur, a auna nauyinsa, a busar da shi a tanda mai zafin digiri 105, a sake aunawa. Ma'aunin jigawa ba zai yi aiki a lakar fadama ba. Haka nan ba a dogara da ita a santimita 15 zuwa 20 na sama, domin nutiron yakan tsere zuwa iska.

Darasi daga gonakin Nijar

A yankin Sahel an yi amfani da wannan na'ura sosai, musamman a yammacin Nijar: a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, da gonakin manoma cikin shekarun 1980, da kuma babban binciken ƙasa da ƙasa na HAPEX-Sahel a 1992. Abin da aka gano ya saɓa wa zaton mutane da yawa. A gonakin gero na jigawa waɗanda ba su sami taki ba, an tarar cewa shuka ba ta shanye ruwan da ya sauka. Wani kaso yakan ƙafe daga fuskar ƙasa saboda ganye bai rufe ta ba, wani kuma yakan zurare ƙasa da saiwa, har a yi girbi da sauran laima a gona. Dalili shi ne ƙasar ta rasa abinci, musamman fosfaras, saiwa ba ta yi ƙarfin bin ruwa ba. Da aka sa taki, sai amfanin da ake samu daga kowace milimita ta ruwa ya ƙaru ƙwarai.

Ma'anar wannan ita ce, a shekarar da damina ta yi matsakaicin kyau, sau da yawa yunwar ƙasa ce ke rage amfani fiye da ƙishirwarta. Wannan bai kore haɗarin fari ba, wanda yankin ya ɗanɗana a 1973 da 1984. Amma ya nuna cewa takin gargajiya, da kwanan shanu a gona, da ɗan takin sufa a ramin shuka, su ma hanyoyi ne na cin moriyar ruwa. Jigawar Gobir da ta yammacin Nijar 'yan'uwan juna ne ta fuskar yashi da yanayi, don haka darasin ya shafi Sabon Birni da Isa kai tsaye.

Nutiron a Zariya

Nijeriya ma tana da hannu a wannan fage. A Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, akwai tukunyar bincike mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2004. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, wato ta Grenoble ta ninka ta kusan sau 2,000, saboda haka ba a gina ta domin nazarin jerin ƙwayoyin zarra ba. Babban aikinta shi ne tantance sinadarai: a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a cikinta, cibiyoyinsa su haɗiyi nutiron, sannan a auna hasken da suke fitarwa, a gane kowane sinadari da yawansa. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfi, aka mayar da tsohon zuwa ƙasar Sin.

Tun kafin zuwan tukunyar, cikin shekarun 1990, masanan cibiyar sun yi amfani da tushen amerisiyam da beriliyam wajen auna yawan haidurojin a cikin samfuran mai na Nijeriya, ta hanyar ƙirga nutiron da ya komo. Ƙa'idar ita ce dai ta na'urar laima. Ke nan ilimin da ƙwararrun suna nan cikin gida.

Nutiron daga sama

Babbar matsalar na'urar bututu ita ce tushen nutiron ɗin da ke cikinta. Amerisiyam yana fitar da haske mai cutarwa, kuma sai bayan shekara 432 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Mallakarsa da safararsa a Nijeriya sai da lasisin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001. Mai aiki da shi sai ya sami horo, kuma sai an tanadi ma'ajiya mai tsaro.

A 2008 Marek Zreda da abokan aikinsa a Jami'ar Arizona suka nuna wata hanya da ba ta buƙatar tushe ko kaɗan. Dare da rana, haskoki masu ƙarfi daga sararin samaniya suna bugun iskar duniya, suna haifar da nutiron mai gudu wanda ke shiga ƙasa. Busasshiyar ƙasa takan mayar da da yawa zuwa iska, jiƙaƙƙiya kuwa takan riƙe su. Idan aka kafa maƙirgi a kan turke, aka haɗa shi da faifan hasken rana, raguwar ƙirge tana nuna ƙaruwar laima. Na'ura ɗaya tana jin fili mai nisan mita 130 zuwa 240 ta kowace fuska, wato hekta 5 zuwa 18, da zurfin santimita 15 a jiƙaƙƙiyar ƙasa zuwa kimanin 80 a busasshiya. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna horar da masana a kanta. Sai dai a ƙasashe masu zafi kamar Nijeriya, maganaɗisun duniya yana kare wani kaso na haskokin, ƙirge yakan yi ƙasa, don haka akan buƙaci babban maƙirgi ko tsawon lokacin awo.

Abin da ya shafi Gobir

A yankin Isa da Sabon Birni ne ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi suke tattaruwa su zama Gulbin Rima, wanda ke gangarawa zuwa madatsar Goronyo. A bakin wannan gulbi aka kafa Alƙalawa, tsohon birnin sarakunan Gobir. Arzikin yankin kashi biyu ne: tudu, inda ake noman gero da dawa da wake da damina, da fadama, inda ake shinkafa da albasa da sauran kayan lambu. Tun daga shirin bunƙasa fadama na farkon shekarun 1990, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa suka maye gurbin jigo a wurare da yawa.

Kowane kashi yana da tambayarsa. Mai lambu yana sayen fetur domin kowace litar ruwa. In ya zuba fiye da kima, ya yi asarar kuɗi, ruwan kuma ya wanke taki ya wuce da shi. In ya rage, albasa ta ƙi yin kai. Awon laima a 'yan gonakin gwaji zai iya fitar da jadawalin ban-ruwa da malaman gona za su kai wa kowa. Manomin tudu kuwa yana buƙatar sanin irin da ya dace da laimar ƙasarsa, da lokacin da taki zai biya kuɗinsa. Akwai kuma tambaya ta al'umma baki ɗaya: ruwan da ke zurarewa ƙasa da saiwa shi ne ke cika rijiyoyi, kuma madatsun da aka gina a sama, irin su Zobe da Jibiya, sun sauya yadda ambaliya ke jiƙa fadama. Sai an auna abin da ke shiga ƙasa kafin a san iyakar abin da ya kamata a zuƙo.

Ba manomi ne zai sayi irin wannan na'ura ba. Aiki ne na jami'o'i, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Kuma akwai babban cikas. Hare-haren 'yan bindiga sun raba ƙauyuka da dama da gonakinsu, har dubban mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi a 2019. Ba hikima ba ce a kai tushe mai haɗari inda ba a da tabbacin tsaronsa. A nan ne na'urar da ke dogara da nutiron na sama ta fi dacewa, tun da babu abin cutarwa a cikinta, kuma tana iya aika sakamako ta hanyar wayar salula.

Kammalawa

Siffa ɗaya ce ta ratsa dukkan wannan bayani: nutiron ba shi da caji, nauyinsa kuma daidai yake da na cibiyar haidurojin. Ita ce ta sa Chadwick ya gano shi a cikin farafin, ita ce ta nuna haidurojin a cikin ƙanƙara da furotin, ita ce kuma ke nuna ruwa a ƙarƙashin gonar gero. Ɗalibin da ke karatun fiziya a Sakkwato ko Zariya bai kamata ya ɗauki wannan darasi a matsayin na Turai kaɗai ba. Tambayar da manomin Isa ke yi wa ƙasa da tafin hannunsa kowace shekara tambaya ce ta kimiyya, kuma akwai na'urar da za ta kai amsarta zurfin mita biyu. Abin da ya rage shi ne zaman lafiya, da horarrun matasa, da haƙurin yin awo shekara bayan shekara.